Amsoshin Wasiƙunku: Ina Koguna Suke Dosa, Me Kuma Ke Nuna Musu Hanya?

Wasiƙun da na zaɓa a wannan fitowar duk a kan koguna suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Na taƙaita kowace tambaya saboda ƙarancin fili, masu su su yi mini afuwa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin sakandare ne a Ringim. An koya mana cewa koguna daga arewa suke gangarawa kudu domin teku a kudu yake, wai Nilu ne kaɗai ya saɓa. To ga kogin garinmu, gabas ya yi, ya nufi Haɗeja. Shi ma ya saɓa ke nan?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yarda da abin da idonka ya nuna maka. Kogin garinku bai saɓa wa komai ba, Nilu ma bai saɓa ba. Ruwa bai san arewa ba, bai san kudu ba, gangare kawai ya sani. Ƙasa tana jan duk abin da ke da nauyi zuwa gare ta, ruwa kuwa ba shi da ƙafar da zai dogara, saboda haka duk inda ya tsinci kansa sai ya nemi wurin da ya fi nan kwari, ko da da faɗin yatsa ne, ya bi. Daga can ya sake neman wanda ya fi, har ya kai inda babu sauran gangare, ko teku, ko tafki, ko rairayin da zai shanye shi.

Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa, kuma na san inda wannan ruɗani yake fitowa. Taswirar da ke rataye a bangon aji ce. Arewa tana sama wajen rufi, kudu tana ƙasa wajen daɓe, sai zuciyar yaro ta ɗauka cewa abin da ya taso daga arewa gangarowa yake. Alhali sa arewa a sama al'adar masu zane ce kawai. Shehin malamin nan Al-Idrisi, da ya zana wa sarkin Sisiliya taswirar duniya a shekarar 1154, kudu ya sa a sama. A tasa taswirar, Nilu daga sama yake saukowa ƙasa lafiya lau.

Ka dubi rufin soro. Magini ba ya barin sa a shafe, sai ya ɗan ɗaga tsakiya ya karkatar da gefuna, don ruwan sama ya bi ta indararo. Ɗigo biyu za su faɗo kusa da juna a kan doron, ɗaya ya fita ta indararon gabas ya zuba cikin gida, ɗaya ya fita ta na yamma ya zuba a lungu. Ƙasarmu ma tana da irin wannan doro, kuma babbansa shi ne tudun Jos, wanda tsawonsa daga doron teku ya haura mita 1,200, duwatsun Shere da ke kansa kuma sun kai wajen mita 1,800. Daga wannan tudu guda koguna suka watsu ta kowace fuska. Kogin Kaduna ya fara yin arewa maso yamma, sannan ya karya kudu maso yamma, ya ratsa garin Kaduna, ya wuce Shiroro da Zungeru, ya faɗa Kwara daura da Fategi. Gongola ya yi arewa maso gabas. Mada da Wase da 'yan'uwansu sun yi kudu sun faɗa Binuwai. Dilimi, wanda ya ratsa cikin garin Jos, ya yi arewa ya shiga ƙasar Bauci, ruwansa ya zama na kogin Jama'are, ƙarshensa Tafkin Chadi.

Akwai wani doron kuma da ya fi kusa da mu, wanda ba a lura da shi domin ba dutse ne mai tsini ba. Tudu ne mai faɗi da ya ratsa kudancin ƙasar Katsina, wajejen Funtuwa da Malumfashi. Mutum zai wuce ta kansa a mota, gonakin masara da auduga hagu da dama, bai san ya ƙetare iyakar ruwa biyu ba. Abin da ya zuba ta yammacinsa na kogin Sakkwato ne: ya taso kusa da Funtuwa, ya yi arewa maso yamma ta Gusau da madatsar Bakalori, ya haɗu da Rima a Sakkwato, sannan ya juyo kudu ta Argungu da Birnin Kebbi ya shiga Kwara, daga nan sai teku. Abin da ya zuba ta gabashinsa kuwa na Chalawa ne, wanda ya haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa. Su biyun ne suka zama kogin da ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil ya iso garinku, ya wuce Haɗeja da Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar a wajen Difa, ya ƙare a Chadi kusa da Boso. Wannan ruwa har abada ba zai ga teku ba.

Dalilin da ya sa ya yi gabas yana cikin lissafi. Kano tana kan tsawon mita 480 ko kusa da haka, Tafkin Chadi kuwa yana wajen mita 280. Bambancin mita 200 ke nan, a tazarar da ta haura kilomita 500. Ka raba ka gani, a kowace kilomita ƙasar ba ta sauka ko da rabin mita ba. Ido ba zai gane wannan gangare ba, amma ya ishi ruwa.

In kana son ƙarin hujja, ga Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya yi arewa ta Jibiya, ya shiga Nijar ta Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya shiga Rima. Ga Shari da Logon, da suka taso daga kudu mai nisa suka miƙa arewa, suka haɗu tsakanin Njamena da Kusiri, kuma su ne ke kawo wa Tafkin Chadi mafi yawan ruwansa. Ka ɗauki taswirar da ke nuna tudu da kwari da launuka, ka kai wa malaminka cikin ladabi, ku bi waɗannan koguna da yatsa tare. Kada ka je masa da tsaurin ido, shi ma haka aka koya masa.

Tambaya: Ni dattijo ne a Mai Wurno ta Sudan, a bakin Shuɗin Nilu aka haife ni. Tun muna yara muke ji ana cewa Nilu hawa yake yi, ba gangara ba, kuma wannan wata karama ce tasa. Mene ne gaskiyar magana?

Amsa: Baba, ina gaisuwa, Allah ya kawo muku zaman lafiya a ƙasar nan, ya mayar da kowa gidansa. Falalar Nilu da aka ambata a littattafan addini fage ne na malamai, ba zan shiga ba. Kuma tafiyar kowane kogi da ikon Allah take. Amma sababin da Ya sanya wa Nilu shi ne dai wanda Ya sanya wa ƙoramar bayan gari. Kogin da ke wucewa ta gabanku daga Tafkin Tana na Habasha ya fito, a tsawon kusan mita 1,800. Farin Nilu kuma daga Tafkin Biktoriya, a tsawon mita 1,100 da ɗoriya. Inda suka haɗu a Hartum, ƙasa ta sauko zuwa wajen mita 380. A Alƙahira saura 'yan mitoci ashirin da wani abu, sai Bahar Rum. Tun daga farko har ƙarshe gangara yake, kawai dai tudun ne yake kudu, kwarin yake arewa. Shi ya sa Misirawa suke kiran kudancin ƙasarsu Misira ta sama.

Ko arewan ma ba ya riƙe ta koyaushe. Shuɗin Nilu da ya fita daga Tana kudu maso gabas yake fara yi, ya zagaye duwatsu ta cikin wani kwazazzabo mai zurfi kafin ya juyo ya nufo ku. A can arewacin Sudan kuma, da babban Nilu ya kai Abu Hamad sai ya juya kudu maso yamma, ya yi tafiya mai nisa har Dabba kafin ya sake kama arewa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Manyan kogunan Sibiriya uku, Ob da Yenisei da Lena, duk arewa suke yi. Abin da ya ba Misirawan dā sa'a shi ne iskarsu daga arewa take busowa, ruwa kuma arewa yake tafiya, sai mai jirgi ya ɗaga filafili iska ta kai shi kudu, in zai dawo ya naɗe, ruwa ya kawo shi.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Yamai. Na karanta cewa mafarin kogin Isa, wanda ku kuke cewa Kwara, yana kusa da teku a ƙasar Gini. Me ya hana shi faɗawa can, ya zo ya yi wannan dogon zagaye ta bakin Sahara?

Amsa: Malama, tambayarki ta wahalar da masana na ƙarnoni da yawa. Mafarin kogin yana tsaunukan Gini kusa da iyakar Saliyo, tazararsa da Tekun Atlantika kilomita 240 ce kacal. Amma ya ɓullo ne ta fuskar tsaunin da ke kallon cikin ƙasa, doron dutsen ya shiga tsakaninsa da teku. Ƙoramun da suka ɓullo ta ɗaya fuskar su ne gajerun kogunan Saliyo da Laberiya, da suke isa teku nan da nan. Shi kuwa dole ya bi gangaren da ya samu, arewa maso gabas, ta Bamako da Segu da Mopti har daf da Tumbuktu. Daga nan ya yi gabas, ya matse ta tsakanin duwatsu a Tosaye, ya karyo kudu maso gabas ta Gawo, ya zo ya wuce ƙarƙashin gadar Kennedy a garinku, ya bi Gaya da Yawuri da Jebba, ya karɓi Binuwai a Lakwaja, sannan ya miƙe kudu. Tafiyar kusan kilomita 4,200 ke nan.

Masu nazarin ƙasa da yawa suna ganin asali koguna biyu ne. Na farko ya taso daga Gini ya ƙare a wani babban tafki a yankin Tumbuktu, lokacin da Sahara take da damshi. Na biyu ya taso daga duwatsun da ke arewa da Gawo ya yi kudu zuwa teku. Daga baya ruwan na farko ya cika ya tumbatsa, ya samu kafa ta gabas ya faɗa cikin na biyu, suka zama ɗaya. Gwiwar nan da kike gani a taswira ita ce mahaɗin.

Akwai shaidar rashin gangaren da kike gani da idonki duk shekara, wataƙila ba ki danganta ta da wannan ba. A watan Agusta da Satumba kogi yana cika da jan ruwa mai laka, na ruwan saman da ya sauka a nan kusa. Ya ɗan janye. Sai kuma a Disamba da Janairu, ana tsakiyar hunturu, ko gajimare babu, ya sake cika da ruwa mai duhu wanda ya tace. Wannan na biyun daminar Gini ce take isowa a makare. Tsakanin Segu da Tumbuktu ƙasar a shafe take ƙwarai, ruwan sai ya bazu a fadamu masu faɗin gaske, yana jan jiki a hankali watanni, lakarsa ta kwanta, rana ta sha kaso mai yawa, sannan saura ya tattaru ya fito ya nufo ku. Kainji ma tana samun waɗannan cika biyu.

Mutanen bakin kogi, Sarkawa da masu fito, kowa ya san inda ruwan gabansa yake dosa. Haɗa labarin daga farko zuwa ƙarshe shi ne ya gagara. Al-Idrisi da na ambata ya rubuta cewa kogin ƙasar Sudan yamma yake yi ya shiga Atlantika. Ibn Baɗuɗa, da ya zo Mali wajen 1352 ya kuma hau jirgi a kansa, ya san gabas yake yi, amma ya ɗauka Nilu ne da zai ƙare a Misira. Mungo Park ya tsaya a bakinsa a Segu a 1796 ya tabbatar wa Turawa gabas ne, ya dawo don ya bi shi har ƙarshe, ya mutu a Busa a 1806. Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 yana yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wannan tambaya. Sai a 1830 Richard Lander da ƙaninsa suka bi shi a kwalekwale daga Busa har teku. Ni a ganina duk wanda ya yi kuskure a cikinsu abu ɗaya ne ya kayar da shi: ya ga yanki guda na kogin, ya zaci inda ya fuskanta nan zai riƙe har ƙarshe.

Tambaya: Malam, ni manomi ne kuma masunci a wani ƙauye tsakanin Haɗeja da Nguru. Hanyar ruwan da ubanmu yake su a cikinta ta mutu, gonar da muke shuka gero kuma yanzu ruwa ne a kanta rani da damina. Kogi yana sauya hanya ne, ko har yana iya komawa da baya?

Amsa: Malam, sannu da haƙuri, Allah ya mayar da alheri. Yana sauyawa, kuma yana komawa da baya, duk lokacin da gangaren ya sauya.

Bari in fara da na nesa a gurguje. A Kambodiya akwai kogin Tonle Sap, wanda da rani yake fita daga tafki ya zuba a Mekong, da damina kuma in Mekong ya cika ya fi shi tsawo, sai ya juya ya koma tafkin. Duk shekara haka yake yi. A Amurka, injiniyoyi sun haƙa babbar magudana a 1900 suka juya kogin Shikago, don ya daina kai ƙazantar gari cikin tafkin da suke sha. A nan kusa, Gongola da na ce ya yi arewa maso gabas, da ya kai Nafaɗa sai ya karye kudu ya je ya faɗa Binuwai a Numan. Masana suna ganin a dā Chadi yake wucewa, wani reshen Binuwai mai gangare sosai ya yi ta cin ƙasa da baya har ya tarar da shi ya janye shi. Irin wannan ƙwace yana kan faruwa a yanzu: in Logon ya cika ƙwarai, wani ɓangaren ruwansa yana malala ta fadamun Tupuri ya bi Mayo Kebbi ya shiga Binuwai, ruwan da na Chadi ne ya ƙare a teku.

Naku kuwa ya fi ci mini rai, don na san yankin, kuma hannun mutum yana ciki. Na gaya wa ɗalibin Ringim gangaren kogin nan bai kai rabin mita a kilomita ba. Daga yankin Haɗeja zuwa gaba ya fi haka shafewa, shi ya sa kogin yake rarrabuwa rassa: na Kafin Hausa, da tsohon kogin Haɗeja, da Burum Gana, da Marma da ke zuwa tafkin Nguru. A irin wannan ƙasa, yashi kamu ɗaya da ya taru a bakin reshe ya isa ya hana ruwa shiga. A dā ruwan damina yana zuwa da ƙarfi ya share hanyoyin, da rani kuma su bushe ƙarƙaf, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Chalawa a 1992, sai tsarin ya sauya. Babbar cikar damina ta ragu, ruwa kaɗan kaɗan kuma ya riƙa gudana har da rani. Madatsun nan sun yi amfani, Kano tana sha daga gare su, shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa da su ake nomawa, ba na musun wannan. Amma ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da kachala, doguwar ciyawar ruwan nan, take so.

Wanda bai shiga cikin kachala ba ba zai gane ba. Ta fi mutum tsawo, ta yi cunkus har mai kwalekwale sai ya ajiye filafili ya riƙa kama ganyen yana jan jirgin da hannu. In ka sa hannu ƙarƙashin ruwa za ka ji saiwoyinta sun sarƙe da juna, laka ta maƙale a tsakaninsu, baƙa, mai wari. Kowace shekara lakar tana ƙaruwa, gindin hanyar yana tasowa, har ya zo daidai da gonar da ke gefe ko ya fi ta. Daga ranar nan gonarka ce kwari, kuma ruwa can zai bi. Haka aka yi rassa da dama suka toshe, mafi yawan ruwan ya karkata Marma, ƙauyukan wannan gefe suna fama da ambaliya, na wancan gefe da na wajen Gashuwa suna jiran ruwan da bai iso ba. Ga tsuntsun jan-baki da ke kwana a cikinta ya fito ya cinye hatsi, ga sauro, ga tsargiya.

Na san ƙauyuka suna yin gayya, a fito da adduna da lauje a sare ta, kuma aikin yana da amfani, musamman in an sare ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya ruɓe. Shawarata ita ce ku fara daga bakin reshen, inda ya rabu da babban kogi, domin a nan ne ake yanke hukuncin inda ruwa zai bi, kuma ku yi magana da ƙauyukan da ke sama da ku da na ƙasa da ku kafin kowa ya datse ko ya fasa wata hanya, don wanda ya tare ruwa a gabansa ya tura shi gonar maƙwabcinsa ne. Amma yashe bakin rassan da injin, da tsara sakin ruwa daga Tiga da Chalawa yadda za a samu cika mai ƙarfi da damina a kuma bar hanyoyin su bushe na wani lokaci da rani, wannan ya fi ƙarfin gayya. Aikin hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ne tare da gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe. Ku rubuta musu ta hannun hakimanku, ku faɗi sunan reshen da ya mutu, da shekarar da ruwa ya daina shiga, da yawan gonakin da ya cinye.